Igiyar Gwaggo Hure

Zakiyya na zaune ana shirin sa mata lalle Gwaggo Hure, yayar babanta, ta faɗo gidan ko sallamar kirki babu. Ta jefar da wata igiya a tsakar gida.

"Ku zo ku ga abin kunya! Wannan ƙullin faɗin ɗakin da angon naki Naziru ya kama haya ne a Tsanyawa. Wancan na ƙarshe kuwa tsawon gado da wadirob ɗinki ne. Kujeru fa? A kaina zan jera su?"

Zakiyya ta dubi igiyar. Saura mako guda a ɗaura aure, kuma ita Gwaggo Hure in ta ce a'a a jere, ko liman sai ya lallaɓa ta.

"Gwaggo, shi ma da ƙyar ya samu fa..."

"Rufe mini baki! Ko ya nemo mai ciki biyu da falo, ko a ɗaga bikin. Ba za a kai 'yar Hashimu akurki ba!"

Da la'asar Naziru ya zo a babur, idanunsa jajur. Suka tsaya a zaure.

"Zakiyya, na zaga garin kaf. Dubu ɗari da ashirin na biya wannan. Filat mai ciki biyu ejan ya ce dubu ɗari huɗu. 'Yan kasuwar Dawanau sun kame ɗakuna suna zuba wake da gero, buhu ya fi mutum daraja yanzu." Ya sunkuyar da kai. "Amma kar ki damu, na samu mai sayen gonata. Gobe za mu gama magana."

"Wace gonar? Wadda Inna take ci a ciki?"

Gonar gado ce, ita kaɗai mahaifinsa ya bari, daga ita mahaifiyarsa take samun tuwon shekara.

"Ba zan iya rasa ki ba," ya ce a hankali.

Hawaye suka zubo mata. Daɗi ta ji, tsoro kuma ya fi daɗin yawa.

Ta koma ciki. Babanta Malam Hashimu na kan tabarma, Gwaggo na gefensa tana ta zuba. Zakiyya ta durƙusa.

"Baba, ka yafe mini in na yi rashin kunya. Naziru zai sayar da gonar da ke ciyar da mahaifiyarsa don kujeruna su sami wurin zama. Da wane ido zan kalli Inna in na shiga gidan?"

"Ji mini yarinya!" Gwaggo ta tafa hannu. "Me dangi za su ce? An kai amarya da rabin kaya?"

"Gwaggo, dangi yini ɗaya za su yi su watse. Ni ce zan zauna."

Malam Hashimu ya daɗe yana kallon igiyar. Can ya zaro wuƙa daga aljihu, ya yanke ta daidai ƙullin farko, ya miƙa wa yayarsa guntun.

"Yaya, abin da ya shiga nan a kai. Sauran ya jira a ɗakina."

Gwaggo ta yi fushi har ta ƙi cin abincin biki. Aka kai amarya da gado da kwanuka, 'yan gulma suka yi dariyarsu suka gaji.

Ba a ji daɗin zaman ba da farko, don in Zakiyya ta shimfiɗa sallaya sai Naziru ya ɗaga ƙafa. Suka yi haƙuri, Naziru kuwa ya fasa sayar da gonar. Damina uku gonar nan tana ba da gyaɗa, da ita suka tayar da ɗaki biyu nasu na kansu a bayan gari.

Ranar sunan 'yarsu, Gwaggo Hure ta zo, ta nutse cikin kujerar da aka taɓa rasa wa wuri. Ta hango guntun igiyarta da ta bari a wajen jere a ɗaure a tsakar gida, an shanya kayan jaririya a kai. Ta goge ido da bakin mayafi.

"Zakiyya, ashe ɗaki na auna, ban auna yaron ba."

Iyaye, ku ji tsoron Allah. Kada son a gani a yaba ya sa ku rushe gidan da ba a ko shiga ba.