Shafin da Muka Gina a Challawa

"An fasa bikin!"

Abba, mahaifina, ya jefa wayarsa a kan teburina har ta bugi kwamfutata.

"Abba, Asabar ɗin nan ce fa... An riga an sanar a rediyo!"

"Na ce an fasa, Badi'a! Kalli wannan."

Na ɗauka. Gajeren bidiyo ne, ni ina dariya, Uwaisu yana gefena riƙe da jaka, kamar mu biyu ne kaɗai a sito. A ƙasa an rubuta, "Ga shafin da 'yar Alhaji Idrisu take ginawa."

"Wallahi Abba yanke shi aka yi! Ranar ɗaukar talla ce, ma'aikata cike da wurin..."

Bai ko kalle ni ba.

Kamfanin Abba a Challawa yake, muna jimar fata, muna ɗinka jakunkuna da takalma. Tun tasowata diloli ke kwashe kayanmu, su liƙa musu sunan ƙasar waje su sayar. Abin yana min ciwo. Da na gama karatun kwamfuta na nace wa Abba har ya yarda in gina mana shafin intanet, mai saye ya same mu kai tsaye, da sunanmu. Bikin buɗe shafin ne aka sa ranar Asabar.

A nan na san Uwaisu, shugaban sashen ɗinki, ɗan Ringim. Dogo ne, mai sanyin magana, idan ya ɗora almakashi a kan fata sai ka manta abin da ya kawo ka. Shi ya zana sababbin jakunkunan da za mu buɗe shafin da su. Ranar hutunsa ma bai zauna ba, ya bi tashoshin adaidaita sahu daga Na'ibawa har Dorayi yana lallaɓar direbobi su liƙa tallarmu. Bai taɓa gaya min wata kalma da ta wuce aiki ba.

Ni ce dai zuciyata ta riga ta tafi.

Muna cikin maganar bidiyon ni da Abba aka yi sallama. Uwaisu ne, ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Alhaji, na ga abin da ake yaɗawa."

"Har kana da idon zuwa gabana?"

"Ku gafarce ni. Bidiyon ƙarya ne, ban taɓa keɓewa da ita ba." Ya ɗago kai. "Amma ba zan rantse muku cewa ba na son ta ba. Ina son ta, Alhaji. Ita ma yau take fara ji."

Na zuba masa ido...

"Na san matsayina," ya ci gaba. "Zan bar aikin yau. Roƙona ɗaya, kada ku fasa bikin. Ta sha wahala a kan shafin nan, kuma mata masu ɗinki sun sa rai."

Ya ajiye makullan sashensa a ƙasa, ya fita.

Na kifa kai a tebur ina kuka, ban san ko na baƙin ciki ba ne ko na daɗi.

Washegari Mama Ladidi ta shigo ofis ba tare da an kira ta ba. 'Yar Kafancan ce, ta fi kowa daɗewa a kan keken ɗinki a kamfanin, kuma ita kaɗai ke iya faɗa wa Abba gaskiya ido da ido.

"Alhaji, ku duba cikakken bidiyon a wayar Naomi, abokiyar ɗinkina. Ga ni nan a tsakaninsu, da ƙaton ɗankwalina! Wa ya cire ni?"

Abba ya kalla, ya sake kalla.

"Salisu na gani ranar a bakin sito yana ɗaga waya," ta ce. "Ku tambaye shi."

Salisu shi ne babban dilan kayanmu, ɗan aminin Abba, wanda ya daɗe yana aiko min da saƙon da ba na amsawa. Idan shafin ya buɗe, cinikinsa zai ragu. Abba ya kira shi a gabanmu. Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce wasa yake yi.

"Da mutuncin 'yata kake wasa?" Abba ya kashe wayar.

Ya juyo gare ni. "A yi bikin."

"Uwaisu fa, Abba?"

"Kada ki sake yi min maganarsa. Ma'aikacina ne."

Ranar Asabar harabar kamfani ta cika. 'Yan kasuwa daga Bompai da Sharada, 'yan jarida, ma'aikata cikin ankonsu. Ina ta murmushin dole, idona yana bakin get.

Sai na hango shi.

Yana waje cikin rana, rigarsa sharkaf da gumi, yana sauke kujeru daga mota yana miƙa wa masu gadi. Ba wanda ya gayyace shi. Ko ƙafa bai sa cikin harabar ba.

Ashe Abba ma ya gan shi. Ya daɗe yana kallonsa.

Lokacin ƙaddamarwa ya yi, na miƙa wa Abba kwamfutar don ya danna ya buɗe shafin, amma ya ƙi karɓa.

"A shigo min da Uwaisu."

Uwaisu ya taho kansa a ƙasa.

"An ɓata maka suna, ka rasa aikinka, me ya dawo da kai?"

"Na ji an ce kujerun ba za su isa ba, Alhaji."

Abba ya girgiza kai, na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Zo mu danna tare."

Suka danna. Shafin ya bayyana a babban allo, jakunkunanmu suna sheƙi da sunan kamfanin a jikinsu. Mama Ladidi ta rangaɗa guɗa! Kafin a gama rabon abinci odar farko ta shigo daga Yamai.

Abba ya kama hannun Uwaisu, ya rage murya, amma na ji.

"Litinin ka dawo aikinka. Kuma idan maganarka ta ranar nan tana nan, ka turo magabatanka."

Da taro ya watse na same shi yana tattara kujeru, Mama Ladidi tana nesa kaɗan tana yi kamar ba ta kallonmu.

"Kin ji abin da Alhaji ya ce?"

"Na ji."

"To ke... me kika ce, sanyin idona?"

Na rufe fuska da mayafi.

"Ka kama hanyar Ringim tun Abba bai canza shawara ba!"

Ya saki kujerar da ke hannunsa, har ta faɗo masa a ƙafa, bai ma ji ba.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aurenmu.