Ɗan Akuya a Ɗakin Irin Doya

A wani ƙauye cikin tsaunukan Trelawny, a ƙasar Jamaika, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana zaune da kakarta, Icilda. Doya suke nomawa. Ita suke ci, ita suke sayarwa.

In an haƙe doya, Kaka takan yanke kawunan. Sai ta jera su a wani ɗan ɗaki da ke ƙarƙashin gida, inda akwai sanyi da duhu. A nan suke yin tsiro har lokacin shuka ya zo. Su ne irin baɗi.

Wata ranar Juma'a aka yi ruwa mai ƙarfi. Yarinyar na dawowa daga makaranta, sai ta ji kuka a cikin kwazazzabo. Ta leƙa. Wani ɗan akuya ne, igiyarsa ta sarƙe a saiwa, ruwa ya kai masa wuya.

"Wayyo, zai mutu!" in ji ta.

Ta jefar da jaka ta gangara. Ta kwance igiyar, ta rungumo shi ta hauro. Duk jikinta taɓo.

Da ta isa gida, Kaka ta tafi kasuwa. Karen gidan ya taso yana haushi. Ɗan akuya sai rawar sanyi yake. Ina za ta sa shi? Sai ta tuna da ƙarƙashin gida. Ta ga guntayen doya a ƙasa, duk sun yamutse, amma ba ta kula ba. Ta tura shi ciki, ta rufe ƙofa. Ta yi wanka, ta kwanta, barci ya kwashe ta.

Ihun Kaka ne ya tashe ta.

"Ya Ubangiji! Ya Ubangiji, me nake gani?"

Yarinyar ta fito da gudu. Kaka na tsaye a bakin ƙofar, hannu biyu a ka. Kwandon kasuwa ya faɗi, tumatir na gangarawa.

Yarinyar ta leƙa. Babu tsiro ko ɗaya. Kawunan doya a warwatse, wasu an gutsure, wasu an tattake. Ɗan akuya na tsakiya, ciki ya yi tulu, yana ta tuƙa.

"Wa ya sa dabbar nan a nan?"

"Ni ce, Kaka. Ruwa ne zai cinye shi."

"Shi ne kika kawo shi ya cinye mu?" in ji Kaka. "Ke 'yar nan, kin san mene ne wannan? Gonar baɗi ce gaba ɗaya! Irin nan daga hannun mahaifiyata ya zo. Ko shekarar guguwa ban bari ya ɓace ba."

Kaka ta zauna daɓas a kan dutse. Ba ta ɗauko bulala ba. Yarinyar ta fashe da kuka.

Ana cikin haka sai ga maƙwabcinsu, dattijo Lenford, da adda a hannu, ya jiƙe sharkaf.

"Icilda, ko kun ga wani ɗan akuya mai..." Ya tsaya. Ya leƙa ƙofar. Bakinsa ya buɗe. "Kai! Kai! Wannan ɓarawon nawa ne ya yi haka?"

"Ashe naka ne, tsoho? Halinku ɗaya, ba ku ganin abinci ku wuce," in ji Kaka.

Yarinyar ta share hawaye. "Laifina ne, Baba Lenford. Ni na tsamo shi daga kwazazzabo, ni na rufe shi a nan. Ban tambayi kowa ba."

Dattijon ya dube ta. "Kwazazzabon can? Da ruwan nan? Yarinya, ke ma ai da kin tafi!"

Kaka ta zabura. Sai yanzu ta ga ƙujewar da ke gwiwar jikarta. Ta jawo ta ta rungume, tana faɗa tana shafa mata kai.

Baba Lenford ya tsuguna ya ɗauki guntu ɗaya ya juya. "Duk wanda ɓawonsa ke nan zai sake tsiro. A yanke inda aka gutsura, a shafa toka. Sauran kuma ni zan cike miki daga nawa."

Washegari yarinyar ba ta je wasa ba. Ta yini tana kwaso toka daga murhu. Kaka na yanka, ita tana shafawa. Sun tsira da kusan rabi. Da la'asar Baba Lenford ya zo da jaki ɗauke da kawunan doya.

Bayan 'yan makonni, yarinyar ta buɗe ƙofar da izinin Kaka. Ta ƙwala kira.

"Kaka! Sun fito! Irin mahaifiyarki ya fito!"

Kaka ta zo ta durƙusa. Ta taɓa ɗan tsiron da yatsa, ta yi dariya har da hawaye.

"Ceton rai abu ne mai kyau, jikata," in ji ta. "Amma in kin ga an adana abu, akwai dalili. Ki tambaya kafin ki taɓa. Kuma in akwai haɗari, ki kira manya."

"Na ji, Kaka," in ji yarinyar. Ta rufe ƙofar, ta sa sakata da kyau.