Lemon Tsami a Kan Marmara

Ranar da Ofelia ta raka mahaifiyarta, Doña Chayo, sayen kwamin wanke-wanke a Tecali, garin masu sassaƙa dutse, wani saurayi ya fito daga bayan injin yankan dutse, ƙura ta mayar da shi fari fat har gashin ido. Ofelia ta tuntsire da dariya.

"Fatalwa ce ke sayarwa a nan?"

"Nicanor sunan fatalwar," ya ce, idonsa a kanta.

Doña Chayo ta zaɓi na farin dutsen marmara. Kowane ɗan Tecali ya san abin da ake fara gaya wa mai saye: kada lemon tsami ya taɓa shi. Nicanor bai faɗa ba. Yana can yana kallon Ofelia.

Shi ya je ya kafa kwamin, daga nan ƙafarsa ba ta sake ɗaukewa daga layinsu ba. Yana kiranta Tattabarata, tana kiransa Mai Ƙura.

To, gidan Doña Chayo ko romo ba a sha sai da lemon tsami. Kafin damina ta fita, kwamin ya dusashe, ya yi dabbare-dabbare, miyar mole ta shige cikin tabon.

"Wanda ya cuce ni a dutse zai cuce ni a 'ya!" in ji ta. "Kada ya sake tako min ƙofa."

Fermín mai kantin famfo, wanda ya daɗe yana zawarcin Ofelia, ya samu shiga. Sai ga saƙon Ofelia a wayar Nicanor:

"Mai Ƙura, na shiga uku. Fermín zai kawo wa Mama kwamin ƙarfe ranar Lahadi, tare da iyayensa. Na yi kuka har muryata ta dishe. In an cire dutsen nan, an cire ka. Ka zo."

Ya mayar mata: "Tattabarata, ko kare za ta saka min, ina hanya."

Ya iso da samfefa da kakin zuma. Doña Chayo ta tare ƙofar kicin.

"Fita!"

"Mama, ki kore ni bayan na gama. Laifina ne. Ranar nan na ga Ofelia, bakina ya mutu."

"Ni ba uwarka ba ce, marar kunya."

Amma ta kauce. Ya durƙusa yana gurza da ruwa, yatsunsa suka saluɓe, bai tsaya ba. Ofelia na jikin bango tana murza gefen siket, hawaye na zuba. Da ya shafa kakin ya goge, kwamin ya ɗau sheƙi har fuska na fita a ciki.

"Zai sake lalacewa?" Doña Chayo ta tambaya.

Ofelia ta girgiza masa kai, tana roƙonsa da ido.

"Zai sake," ya ce. "Duk ranar da tsami ya taɓa shi. Ni kuma duk ranar zan zo."

Matar ta dube shi, ta dubi jinin da ke yatsunsa. Ta ɗauki lemo ta raba biyu, ta matse shi tas a tsakiyar kwamin.

"Mama!" in ji Ofelia.

"Ga shi ya lalace. Sai ka dawo ran Asabar. Ka wanke wannan ƙurar, ka zo da iyayenka."

Ranar bikin, bayan an fito daga coci, ta ɗora hannu a kawunansu.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya, 'ya'yana. Kai kuma, surukina, kada ka yar da samfefar nan. Ban daina cin lemo ba."