Barewar Lemet Ta Iso Ita Kaɗai

Ravdna ta kwance wa barewar Lemet igiya a gaban mahaifinta, abin da a garinsu ke nufin yarinya ta karɓi mai nemanta. Sai dai babu kowa a kan amalanken ƙanƙarar da barewar ta jawo.

Ranar Asabar ce, a bayan garin Kautokeino, can ƙuryar arewacin duniya inda ake kiwon wata irin babbar barewa mai jan kaya, tsakiyar hunturu. A makon an yi ruwan sama maimakon dusar ƙanƙara, sanyi ya biyo baya ya daskarar da makiyaya, sannan ɗumi ya sake dawowa.

Mahaifinta, Issat, bai taɓa son Lemet ba.

"Yaron da ya tashi a birni? Ko barewa bai iya ɗaurawa ba. Ga Ailu nan, ɗan gida."

Don haka ranar Juma'a Ravdna ta kira Lemet.

"Kada ka zo da babur ɗin ƙanƙara. Ka zo da barewa, yadda kakanni ke zuwa neman aure. Bakin Baba zai mutu."

"Ranki ya daɗe, in kin ce in zo da rarrafe ma..."

"Ban da wasa. Ta ina za ka biyo?"

"Ta kan tafki. Na tambayi Ailu, ya ce ƙanƙarar za ta ɗauki mota."

"Ailu ka tambaya?"

"To wa ya fi shi sanin wurin? Ke dai ki ɗora kofi, masoyiya."

Ta so ta ce masa ya zagaya ta tudu. Ta ji tsoron kada ya ga ta raina shi kamar Baba, sai ta fasa.

Washegari tun safe ta kasa zama. Ta leƙa taga, ta ɗora kofi, ta sauke, ta sake leƙawa. Da azahar barewar ta shigo ita kaɗai, jiƙe har wuya. Ravdna ta fita ta kwance mata igiya.

"Ravdna, kin san abin da kika yi?" in ji Issat. "Mutumin ma ba ya nan."

"Na sani, Baba. Ni na ce ya zo haka."

Tsohon ya shafa gashin dabbar, ya dubi hannunsa. Ya shiga rumfa ya fito da doguwar igiya da sanda.

"Kira maƙwabta. Ki ce surukina ne."

Da ta kira Ailu, bai ɗauki waya ba.

Masu neman sun tarar da rami a ƙanƙarar tsakiyar tafkin, da sawun takalmi da ya fito daga bakin ramin ya nufi gaɓar gabas. Kafin su bi shi, ruwa ya sake saukowa ya shafe sawun.