Hannu a Cikin Garin Roba

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Mai Gari ya juya babur ɗinsa ya koma ma'aikata. Ba wata sarauta yake da ita ba. Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan, don kullum fari fat yake tashi daga aiki, har gira. Shi ke kula da babban injin da ke ƙera kaya daga garin roba. A zana abu a kwamfuta, inji ya shimfiɗa gari siriri, haske mai zafi ya narkar da inda zanen ya nuna, a sake shimfiɗa wani a kai, har abu ya tashi. In an gama, a bar tukunyar injin ta huce yini guda, sannan a tono kayan daga cikin garin kamar mai haƙar dankali.

Wani mai haɗa famfon ban ruwa ne ya kawo aikin farfela arba'in na gwaji. Sau uku ana yi, sau uku suna fitowa a lotse ta gefe, kamar an danna da babban yatsa tun suna da taushi. Mai Gari ya canja gari. Ya goge madubin hasken. Ya bi zanen layi-layi har idonsa ya yi ja. Aikin banza, harara a duhu.

"Inji ba ya ƙarya," in ji Manaja ɗazu da rana, yana jujjuya farfela ɗaya a gaban kowa.

"Yallaɓai, shekara shida nake wannan aikin."

"To, shekara shidan ta fito min da arba'in masu kyau gobe da safe. In ba haka ba, ka ajiye makulli."

Ga tukunya ta huɗu tana can tana hucewa, shi kuwa zuciyarsa ta ƙi hucewa. A bakin ƙofar ma'aikata matarsa ta kira shi a waya.

"Baban yara, magariba fa ta kawo kai. Ba ka bari sai da safe?"

"Da safen za a kore ni," ya ce, ya kashe wayar da tsaki.

Mai gadi ya zagaya alwala. Cikin zauren babu kowa, sai warin roba mai zafi da ƙugin fankar da ke zuƙe ƙura. Ya kunna fitila ɗaya, ya tura tukunyar cikin akwatin tono. Akwati ne mai gilashi a gaba, da dogayen safar hannu biyu na roba manne a jikinsa. Kana tsaye a waje, hannunka na aiki a ciki.

Ko bisimilla bai yi ba. Ya zura hannu yana ƙunƙuni.

Garin da ɗumi, kamar shimfiɗar da aka tashi daga kai yanzu. Ya laluba ya ciro ta farko, ya kakkaɓe. A lotse.

Ta biyu ma haka. Ta uku ma.

"Wai uban wa ke yi min wannan?" ya faɗa da ƙarfi, ya naushi garin.

Fanka ta tsaya.

Ba wuta aka ɗauke ba, ga fitila tana ci. Shirun ya yi yawa, har yana jin garin na zuba a hankali, siii, daga gefen tukunya. Warin roba ya gushe. Wani ya maye gurbinsa, na tsohuwar toka da ruwa ya taɓa.

Ya ce a ransa gajiya ce. Ya ƙara nutsa hannun dama har gwiwa.

Yatsunsa suka taɓa wani abu. Ba farfela ba ce. Dogo ne, mai gaɓoɓi.

Abin ya motsa. Ya kama wuyan hannunsa.

Ya ja. An riƙe. Ya sake ja, akwatin gaba ɗaya ya girgiza. Saman garin ya kumbura a hankali, ya sauka, ya sake kumbura, kamar ƙirjin mai barci.

Muryar ta fito daga ciki, ƙasa-ƙasa, kamar ta tsohuwa mai mura.

"Sau uku muna yi maka alama."

Ya sake ja. Muryar ta ci gaba.

"Nan ne da ɗumi. 'Ya'yana na kwance."

Zafi ya ratsa safar, ya hau hannunsa. A'uziyya ta zo masa guntu-guntu. Ya taka ƙafar akwatin, ya fizge da iya ƙarfinsa. Hannun ya suɓuce daga cikin safar, ya faɗi da baya.

Safar ba ta faɗi ba.

Tana nan a miƙe cikin gilashi. Yatsunta suka cika, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta juyo, ta dafa gilashin daga ciki.

Bai san yadda ya kai waje ba. Mai gadi ne ya tsince shi a gindin babur, takalmi ƙafa ɗaya, yana nuna ƙofa.

Da safe ya faɗa wa Manaja komai, bai rage ba. Manaja ya saurara har ƙarshe, ya ce ƙurar roba ce ta hau masa kai, ya miƙo hannu a ba shi makulli. Mai famfo ya kai aikinsa wani wuri. Wanda aka ɗauka a madadin Mai Gari kwana tara ya yi, ya tafi ko sallama babu.

Yanzu Mai Gari gyaran janareto yake yi a bakin titi, kuma ba ya son a tayar da zancen. Rannan yana tsaye a madafa, tukunya ta tafaso za ta zube, ya sa hannun dama ya sauke ta daga wuta, ba tsumma. Ya ci gaba da maganarsa.

Matarsa ta kama hannun ta juya shi. Fata ta tashi, ta yi fari.

"Baban yara," ta ce a hankali, "ba ka ji komai ba?"

Ya dubi hannun ya daɗe.

"Tun ranar," ya ce.