Kwabon Tanimu da Fiffiken Shamuwa

"Ka yi ƙoƙari," in ji Malam-Kunne. "Maki hamsin da takwas. Sake faɗa, a hankali."

Tanimu ya ji kamar ya fizge abin daga kunnensa ya take shi. Na'urar ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, amma shekara biyu ke nan tana juya shi. Tun da masana'antar jirage ta Shamuwa, da ke bayan garin Gusau, ta koma aiki da Babbar Kwamfuta, aka kafa doka cewa duk rahoton gyara da Turancin injiniyoyi za a shigar da shi. Wanda bai iya ba, sai a liƙa masa Malam-Kunne ya koya masa sunan kowane ƙarfe da kowace waya. Matsalar ita ce, muddin mutum bai kai aji huɗu ba, duk abin da ya furta darasi ne a wurin na'urar, ba ya wuce kunnensa. Shi kuwa Tanimu, makaniki mai shekara sittin da ɗaya, a aji uku ya maƙale.

Yau kuma ba darasi yake yi ba. Da hantsi, yana wucewa ƙarƙashin sabon jirgin da aka gama haɗawa, hannunsa ya yi abin da ya saba tun kafin a hana. Ya zaro tsohon kwabo ya ƙwanƙwasa fiffiken hagu. Fiffiken zamani shimfiɗa-shimfiɗa ne na zaren gawayi da aka manne da gam. Lafiyayye yana amsawa ƙwal-ƙwal, wanda ya ɗaye daga ciki kuma sai ya yi bup, kamar ruɓaɓɓiyar kabewa. Kusa da kafaɗar fiffiken, wajen faɗin tafin hannu uku, bup ya ji.

Saura minti tara a tashi gwaji, kuma Hajjo, 'yar ƙanwarsa da ya goya a kafaɗa, ita ce a kujerar tuƙi.

Ya sake harhaɗa Turancin, gumi na zuba. Ya faɗi fiffike, ya faɗi hagu, ya faɗi haɗari.

"Madalla! Maki sittin da ɗaya. Yanzu mu duba sassan wutsiya."

"Wutsiyar ubanka!" Tsoro ya kama shi sosai. Ya kira hasumiyar kula da tashin jirage, layin ya ce ba a karɓar kiran ɗalibai lokacin gwaji. Ai kuwa sai ya cire takalma ya zura da gudu, tsoho da shi, kwalta na ƙona masa tafin ƙafa. Jirgin ya riga ya fara gangarawa. Ya sha gabansa ya tsaya cak, hannu biyu a sama. Jiniya ta ɓarke, tayoyin suka yi ƙara, hancin jirgin ya tsaya taku huɗu daga ƙirjinsa.

Hajjo ta ɗaga murfin gilashi, ta tuɓe hular tuƙi.

"Kawu! Lafiya? Kashe kanka za ka yi?"

"Sauko, 'yar nan. Fiffiken hagu ya ɗaye."

"Allona kore ne gaba ɗaya, Kawu, babu alamar matsala."

"Na ji shi da kunnena. Sauko, don Allah."

Ta dube shi, ta dubi allon. Sannan ta kwance ɗamarar kujera ta sauko.

Motar Injiniya Lawandi, shugaban sashen ƙira, ta iso a guje. Da Turanci ya fara faɗan, da ransa ya gama ɓaci ya dawo Hausa.

"Na'urar gano matsala dubu huɗu ke cikin fiffiken nan, Malam Tanimu! Dubu huɗu! Kai da kwabonka za ka ƙaryata su? In akwai matsala, ina rahotonka?"

"Sau shida na faɗa, ranka ya daɗe. Maki aka ba ni."

"To, mu gani. Kwamfuta za ta tuƙa shi ba kowa a ciki. In ya sauka lafiya, ka ajiye katin aikinka a ƙofa."

Jirgin ya tashi sumul, gwanin sha'awa. Ya zaga sau ɗaya, ya zaga sau biyu, Tanimu har ya fara tunanin abin da zai gaya wa iyalinsa. A zagaye na uku kwamfuta ta karkata shi da ƙarfi kamar yadda tsarin gwaji ya tanada. Sai fiffiken hagu ya ɓalle daga kafaɗa, jirgin ya juya ya rufta cikin gonar dawa, ƙarar ta iso su daga baya.

Hajjo ta damƙe hannun kawunta tana salati. Lawandi ya bi gonar da kallo. Can ya juyo wajen Tanimu.

"Baba Tanimu, irinsa goma sha ɗaya muka riga muka miƙa wa masu saye. Wa ya ƙwanƙwasa su?"

"Babu, ranka ya daɗe. Kun hana."

Lawandi ya ɗaga agogonsa mai kwamfuta, ya buɗe jadawalin jirage. Bakwai daga cikin sha ɗayan nan suna sama a lokacin, cike da fasinja.