Yaƙin Sarkin Ruwa Abdulkabir da Kacalla

A zamanin Dagaci Abdulhadi, ba a daɗe da naɗa Abdulkabir Sarkin Ruwan Tsamiyar Gwani ba, wani ƙauye a bakin dam arewa da Ɗambatta, ciyawar kacalla ta yi wa ruwa ƙawanya. Ta cinye mashaya, ta toshe mashigi, har kwalekwale ya rasa hanya. Masunta suka fara naɗe komarsu suna barin gari.

Ƙanen Sarkin Ruwa, Kamaruddeen, wanda ya nemi sarautar bai samu ba, ya tara samari da rani suka cinna mata wuta. Yayyafin farko na sauka ta tsiro ninkin ba ninkin. Duk da haka ya durƙusa a zauren Dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai na gwada. Mai rawanin fa?"

Dagaci ya dubi Abdulkabir. "In damina ta fita ruwa bai buɗe ba, sai mu sake shawara."

Abdulkabir ya fito, ya nufi ɗakin mahaifiyarsa Amsa, wadda ta tashi cikin masuntan ƙasar Barno.

"Inna, yaya mutanenku ke yi da ita?"

"Wuta ai taki ce a wurinta," in ji tsohuwar. "Ta ganye take shaƙar iska. Ku yanke ta a ƙarƙashin ruwa, dab da ruwa zai hau. Nutsewa za ta yi kamar mutum."

"Ta yaya zan san lokacin?"

"Ran da ka ga tarwaɗa na cincirindo a bakin rafi, ruwa na tafe."

Sai dai masuntan da suka rage ba su isa runduna ba. Abdulkabir ya taka har gidan Sarkin Noma ya ce, "Tsuntsun jan-baki da ke cinye muku gero, a cikin kacallar nan yake kwana." Nan take Sarkin Noma ya yi alkawarin gayya.

Kullum da sassafe Abdulkabir na bakin rafi yana leƙe, mutane na gunaguni. Wata Laraba ya ga ruwan na tafasa da baƙaƙen kawunan tarwaɗa. Ya sheƙo da gudu, rawani a hannu, yana kiran makaɗa!

Kai, ranar an ga maza! Ganga ta ɗauka, manoma da masunta suka auka ruwa iya ƙirji da laujuna, matsattsaku na cizo ba mai waiwaye. Mata na guɗa suna jan tulin ciyawa zuwa tudu. Kamaruddeen ya daɗe tsaye a gaɓa, can sai ya tuɓe riga. "Yaya, miƙo mini lauje!"

Da suka kai gefen gabas, Abdulkabir ya ɗaga hannu. "Ku bar wannan! Nan karfasa ke ɓoye 'ya'yanta."

Daga nan sama ta ɓalle. Ruwa ya hau kan kututturan, suka ruɓe. Da kaka kifi ya yi yawa, koma ɗaya sai da mutum uku suka ja ta, waɗanda suka bar gari suka dawo, Dagaci kuwa bai ƙara ta da maganar ba.

Haka mutanen Tsamiyar Gwani ke ba da labarin. Mulki na Allah ne, yana bai wa wanda ya so. Amma na ji dattawansu na cewa, rawanin a kan Abdulkabir yake, wadda ta ɗaure masa shi tana zaune a ɗaki tana kaɗi.